Iyatu a Ƙasan Shafi

A unguwar Gidan Dare, in ka tambayi gidan Hajiya Zainaba sai an ce maka wacce, amma in ka ce Zainaba Tafireta ko mai ƙosan bakin titi za ta nuna maka ƙofar. Shekara talatin da biyar ta yi tana buga keken rubutu a wata ma'aikatar gwamnati a Sakkwato. Daraktoci sun zo sun tafi a gabanta, kuma babu wanda ya tafi bai sha tambayarta ba. Tambayar guda ce tak. Ka kawo mata takarda ka ce ta buga, sai ta zame tabarau zuwa karan hanci, ta dube ka ta samansa, ta ce, "Wa yac ce?" In ba ka da suna da kwanan wata, kai da takardarka sai ku koma inda kuka fito. Ba ta da daɗin sha'ani a wannan fanni, ita ma ba ta taɓa cewa tana da shi ba.

Halin gado ne. Mahaifinta, Malam Junaidu, baduku ne a tsohon gidansu na kusa da Hubbare, gafaka yake ɗinka wa malamai, wato jakar fatar da ake adana littafi a ciki. Littattafan da ake kawo masa ya gwada musu gafaka duk fallaye ne a warware, babu ɗinki babu lambar shafi. Tun tana ƙarama ya nuna mata dabarar marubutan da: a ƙasan kowane falle, can a kusurwa, sukan sa kalmar farko ta fallen da ke biye, don ko iska ta watsa littafin a san wanda ke bin wane. Zainaba ta ɗauki wannan ta kai ofis. Duk wasiƙar da ta wuce shafi ɗaya sai ta buga mata kalmar gaba a kusurwa, kuma duk mitar da aka yi mata a kan haka ba ta sa ta daina ba.

Abu na biyu da ta gada shi ne lissafin dangi. Kowace shekara, kwana uku bayan Babbar Sallah, zuriyar Haliru Baduku kan taru a tsohon gidan, Malam Junaidu ya jero sunaye tun daga kakansa Haliru har zuwa jaririn da aka raɗa wa suna jiya. Bai taɓa faɗin suna haka kawai ba. Sai ya ce wannan daga ubansa Buhari ya ji, wannan kuwa da idonsa ya gani. 'Ya'yan Haliru goma sha ɗaya ne, Buhari babba, Iyatu auta.

Iyatu ta auri wani manomin albasa a Wamakko. Zainaba ta san ta sarai: gajeruwa ce mai wushirya, ba ta zuwa birni sai da ƙwan zabi cikin ƙwarya, kuma ita ta cire wa Zainaba ƙaya a diddige da allura ranar da kowa ya kasa riƙe ta. Zainaba na da shekara goma sha biyu ta rasu. Ɗanta Ƙasimu ya ɗora daga inda ta tsaya. Tun kafin a haifi rabin masu halartar taron nan, Baffa Ƙasimu bai taɓa fashin zuwa ba, kuma bai taɓa zuwa babu buhun albasa ba. Ba a aika masa goron gayyata, shi ma ba ya jira. Yakan ce zumunta a ƙafa take.

A shekarar 2011, bayan ta yi ritaya, ƙanenta Alhaji Sa'ad mai sayar da yadi a kasuwa ya ce ta rubuta sunayen nan ta tura masa ta imel, tunda mahaifinsu ya rasu kuma ita kaɗai ta riƙe su a ka. Ta jawo tsohuwar tafiretarta ta buga. Falle biyu suka ci. Na farko ya cika daidai kan ɗa na goma da zuriyarsa, sai ta buga kalmar gaba a kusurwa yadda ta saba: Iyatu. A falle na biyu ta sa Iyatu da 'ya'yanta, ta sa daga wanda ta ji, ta sa sunanta da kwanan wata.

Ta kai su shagon Martha, tsohuwar abokiyar aikinta 'yar Filato, wadda ta buɗe wurin buga takardu da kwamfuta. Na'urar ɗaukar hoton takarda ta ɗauki falle na farko, da aka zo na biyu ta tsaya cak. Martha ta girgiza ta, ta kashe ta kunna, ta ƙi. Zainaba ta ce a tura na farkon haka nan, gobe ta kawo ɗayan. Washegari mijinta ya faɗi a banɗaki. Wata uku suka yi a asibiti, daga can aka kai shi makwancinsa. Falle na biyu ya shige ƙasan akwati tare da takardun asibiti, ya fita daga ranta fit. A duk rayuwarta wannan ce takarda ɗaya da ta bari ta fita daga hannunta babu suna babu kwanan wata.

Shekara goma sha biyu suka wuce. Dangi suka yi arziki, arziki kuwa yana son a rubuta tarihinsa. Aka ɗora aikin kan Dakta Abdulwahabu, ɗan marigayi yayansu, malamin jami'a a Abuja, yaro mai ladabi da ƙoƙari. Alhaji Sa'ad ya ɗauki nauyin bugu. Kwana tara kafin taro aka aiko wa Hajiya Zainaba nata kwafin daga cikin ɗari uku da aka buga, mai bango kore da rubutun ruwan zinari: Zuriyar Haliru Baduku. Babu wanda ya tuntuɓe ta lokacin da ake rubutawa. Wannan ya ɗan sosa mata rai, amma ta shanye, ta sa tabarau, ta buɗe.

A shafi na bakwai ta ci karo da shi: "Haliru ya haifi 'ya'ya goma." A ƙarshen jimlar akwai 'yar lamba, a ƙasan shafin kuma da ƙananan haruffa aka rubuta: "Takardar Iyatu, tsohuwar takardar iyali da aka samu haɗe da saƙon imel. Ba a san ko wace ce marubuciyar ba." A shafi na takwas ga hoton takardar ɗungurungum. Kallo ɗaya ta yi mata. Ga harafin "m" na tafiretarta da ke ɗan hawa sama da layi, ga lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ da ta bi ta yi da biro. Ga kuma Iyatu can a kusurwa ita kaɗai, tana nuna cewa akwai saura. Dakta ya ɗauka sa hannun mai rubutu ne.

Ta bi littafin shafi shafi. Sau goma sha huɗu sunan Iyatu ya fito, duka a ƙasan shafi, duka a matsayin wata baƙuwa da ta ba da shaidar cewa 'ya'yan Haliru goma ne. Wamakko kuwa ko ambatonta babu. An ɗauki baiwar Allah an sa ta shaidi rashin kanta, kuma jikan gidan da ya ci abinci da gafaka ne ya yi wannan aika-aikar. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ɗauki waya.

"Abdulwahabu, ɗiyan Haliru nawa na?"

"Goma, Goggo. Ai kin gani a littafin."

"Sha ɗaya na. Ina kak kai Iyatu ta Wamakko?"

"Goggo, na sha jin wannan zancen," in ji shi, da Hausarsa da Abuja ta wanke. "Amma bincike ba a yin sa da an ce. Sai da majiya a rubuce."

"Wa yab ba ka takardagga?"

"Mutum huɗu suka turo min ita ta imel, kowa daban. Kuma duka huɗun ko harafi ɗaya ba su saɓa ba."

"Su huɗun wa yab ba su?"

Ya ce, "Tsohuwar takarda ce ta gida, Goggo."

"Ni nib buga ta."

Sai ya yi 'yar dariyar nan ta ladabi da ake yi wa tsofaffi in ana ganin sun fara haɗa jiya da shekaranjiya. "Ai sunan mai ita yana ƙasa, Goggo. Wata Iyatu ce, wataƙila takwarar wadda kike faɗa."

"Iyatu hat tab bar duniya ba ta taɓa ganin tafireta ba. Ni ganau ta, ba jiyau ba. Tuwon hannunta nic ci."

"Ban ƙaryata ki ba, Goggo, Allah ya kiyaye. In akwai takarda a turo min."

Ta kashe wayar ta zauna tana huci. Wato ita Zainaba 'yar Junaidu, da ranta da hankalinta, bakinta bai kai majiya ba, amma takardar da yatsunta suka buga, don kawai ta yi yawo cikin kwamfuta ta dawo da launin tsufa, ta zama hujjar da za a rufe mata baki da ita. Mutum huɗu wai. Takarda ɗaya ce aka yi ta miƙa wa juna, wannan ya sauke ya sake haɗawa ya tura wa wancan, har sunan wanda ya fara turawa ya ɓace a hanya, shi kuma ya ƙirga ta shaidu huɗu. Ko a kasuwar kara, in mutum huɗu suka kawo maka labari, sai ka tambaya ko a bakin mutum ɗaya suka ji. Karatun da bai koya wa mutum wannan ba ita ba ta ga amfanin rigarsa da hularsa ba.

Da wannan fushin ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta zazzage takardun asibiti, katin ganin likita, takardar magani, har ta kai ƙasa. Ga shi nan a ninke, ya yi ja. Ta buɗe, ta ga Iyatu a layin farko, ta ga sa hannunta a ƙasa. Laifi tudu ne, tun safe take tsaye kan nata tana hango na Abdulwahabu. Da ta koma shagon Martha kamar yadda ta ce, da duk wannan bai faru ba. Ta ji kunya, amma kunyar ba ta kashe fushin ba, sai ma ta ƙara masa itace.

Martha na nan a shagonta, furfura ta cika mata kai, na'urorin kuma sun canza. Da ta ji labarin sai ta riƙe haɓa ta ce, "Hajiya, ashe goben ce sai yau."

"Ki bar ni da abin da ad damuna, Martha. Ɗauki hoto nai ki tura ma yaronga. Amma ba haka nan za shi tahi ba. Rubuta abin da zan hwaɗi."

Ta tsaya a kanta tana shifta. Wannan falle na biyu ne cikin biyu. Zainaba 'yar Junaidu ɗan Buhari ɗan Haliru ce ta buga shi a Gidan Dare a shekarar 2011. Ta ji sunayen daga mahaifinta, shi kuma daga mahaifinsa, Iyatu kuwa ta gan ta da idonta. Falle na farko an tura shi daga wannan shago zuwa ga Sa'ad a shekarar. Ainihin takardar tana hannunta ga mai son gani. Martha ta ce saƙon ya fi takardar tsawo. Zainaba ta ce haka ake so.

Ko zoɓon da Martha ta sayo mata ba ta shanye ba amsa ta shigo. Dakta ya gode ƙwarai. Ya ce wannan muhimmiyar majiya ce, ta warware matsala, za a gyara a bugu na biyu in Allah ya yarda.

Da ya musa ma da ya fi mata sauƙi. Maganar da ta faɗa masa da bakinta ɗazu ya yi mata dariya, ita ce dai yanzu ya karɓa hannu bibbiyu don ta zo a haɗe da imel. Bugu na biyu kuma, wa aka ce zai jira shi? Baffa Ƙasimu shekararsa tamanin da huɗu.

Daga shagon ta zarce kasuwa wurin Alhaji Sa'ad. Ta same shi cikin bandiran shadda yana waya. Ta jira ya gama, ta ce a ba ta littattafan, Martha ta buga falle na biyu ɗari uku, ita da kanta za ta bi ta manna a kowanne kafin ranar taro.

"Haba Yaya," in ji Sa'ad. "Littahin da anka yi ma ruwan zinari kic ce a manna mai takarda kamas sanarwab bango? Baƙi za su zaka. Ki bari har a sake bugawa."

"Kai nit tura ma takardagga tun hwarko. Ba ka ga rabi ta ba?"

"Ni ban tuna wata takarda ba. Abin da anka turo man turawa nika yi gaba." Ya gyara zama. "Kuma mutanen Wamakko karatun boko bai dame su ba. Wa za shi lura?"

"Baffa Ƙasimu na tahe."

"Shi zaka, shi ci abinci, a girmama shi kamak kullum."

"Uwatai ta, Sa'ad. Ba albasa tai anka manta ba."

Ya ce ta yi haƙuri, an riga an ɗaure littattafan kwali goma, gida gida, kuma an tsara za a kira kowane gida babbansu ya fito ya karɓa. Ta dube shi ta saman tabarau har sai da ya kau da kai. Ta tashi ba ta yi masa sallama ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ranar taro aka kafa rumfuna a ƙofar tsohon gidan, masu ziyarar Hubbare na wucewa suna kallo. Maza suka cika kujerun gaba, mata suka zauna gefe wajen zaure. Hajiya Zainaba ta zaɓi kujerar da za ta riƙa ganin kowa, littafin a cinyarta, falle na biyu a cikin jaka. Ba ta zo da niyyar magana ba. Ta shirya ne in an watse ta ja Baffa Ƙasimu gefe ta yi masa bayani, don tsohuwa ta tsaya gaban maza da lasifika ba al'adar gidan ba ce.

Da hantsi ya iso a bayan babur, buhun albasa a gaban mai babur ɗin. Ya sa farar rigarsa ta Sallah, an yi mata guga har tana tsayawa da kanta. Ya gaisa da mutane, ya samu kujera a bakin rumfa ya zauna, sandarsa a tsakanin ƙafafu. An gaya masa yau za a raba littafin dangi, gida gida.

Mai gabatarwa ya fara kira. Gidan Buhari, aka tafa, Alhaji Sa'ad ya fito ya karɓi kwali. Aka kira na biyu, aka kira na uku. Zainaba ba ta kallon masu karɓa, tsohon take kallo. Ya san jerin kamar yadda ta san shi, leɓunansa na motsi da kowane suna kafin a faɗe shi. Da aka kira na tara ya gyara hula. Da aka kira na goma ya dafa sanda ya matso bakin kujera, ya fara ɗaga jiki. Sai mai gabatarwa ya ce alhamdu lillahi an kammala, liman ya yi addu'a. Baffa Ƙasimu ya tsaya rabi a tsaye rabi a zaune. Ya dubi hagu ya dubi dama, sannan ya koma ya zauna a hankali ya kwantar da sandar a ƙasa.

Zainaba ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta ratsa kujerun maza, ta miƙa wa mai gabatarwa hannu, shi kuma don rashin sanin abin yi ya ba ta lasifikar. Ta nufi limamin unguwa, tsoho wanda har yau da fallaye yake karantarwa, ta rusuna ta buɗe masa shafi na takwas.

"Allah shi gafarta Malam. In kag ga kalma guda ita kaɗai nan kusurwa, ƙasan warƙa, mi taka nuhi?"

Liman ya kai littafin kusa da ido ya sauke. "Ai wanga duk wanda yat taɓa riƙon littahi ya san shi. Hwarkon warƙa ta gaba na. Ana hwaɗa ma mai karatu saura na nan tahe."

"To ga saura."

Ta zaro falle na biyu ta karanta shi tun daga Iyatu, autar Haliru, da mijinta, da 'ya'yanta shida, biyar sun rasu saura Ƙasimu. Ta karanta daga wanda ta ji, ta karanta sunanta da kwanan wata. Tsofaffin da ke wurin, waɗanda suka san da Iyatu sarai amma suka yi shiru don littafi ya ce goma, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Su ma ba ta yafe musu ba.

Dakta Abdulwahabu ya miƙe. Kunya ta rufe shi, amma a yi masa adalci, tambayar da ya yi ita ce ta farko mai kan gado da ya yi tun da ya fara aikin. "Goggo, to me ya raba falle na biyu da na farko?"

Tana iya cewa na'ura ce ta lalace, ba ƙarya ta yi ba. Tana iya kawo rasuwar mijinta, babu mai ƙara ce mata uffan. Ta riƙe lasifikar da kyau ta ce, "Ni ta. Ni nit tura rabi nic ce gobe, goben tak kai shekara goma sha biyu. Wanga nawa na, kuma gaban kowa nika ɗaukatai. Naka kau, ka amshi takarda hannun mutum huɗu ba ka tambayi ko guda wa yac ce ba. Ka sa ta littahi ba sunan mai turowa, ba rana, ba inda tah hito. Ni ko ina Gidan Dare, wayata na hannunka."

Abdulwahabu ya koma ya zauna. Alhaji Sa'ad ya yi ta yi wa mai gabatarwa alama da ido, mai gabatarwa ya karɓi lasifika ya kira gidan Iyatu da murya ƙasa-ƙasa. Baffa Ƙasimu ya ɗauki sanda ya taso. Kwali goma ne, duk an raba, babu abin ba shi. Abdulwahabu ya ɗauko nasa kwafin ya durƙusa ya miƙa masa.

Tsohon ya juya littafin, ya shafa ruwan zinarin da yatsa. Bai koma kujerarsa ba, wurin Zainaba ya nufa.

"Zainabu, ni ban iya bokonku ba. Gwada man inda Inna take ciki."

Ta buɗe shafi na bakwai ta ɗora yatsa a ƙasa, kan ƙananan haruffan. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon wurin, ko da yake ba abin da yake iya karantawa.

"Nan ƙasa anka aje ta?"

"Nan na, Baffa."

"Mi anka rubuta gaba gare ta?"

Ta so ƙwarai ta tsallake. Amma shekara talatin da biyar ba ta taɓa karanta wa mutum abin da ba shi ne a takarda ba, ba kuma a kan wannan tsohon za ta fara ba. Ta ce, "An ce ba a san ko wace ta ba."

Bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ya gyaɗa kai kawai, ya lalubi aljihun gaban rigarsa kamar mai neman alƙalamin da ya san ba shi da shi. Ta ciro nata biron daga jaka.

"Rubuta nan ƙasa," in ji shi. "Ki ce ni na san ta. Ita tah haihe ni. In anka ce miki wa yac ce, ki ce Ƙasimu."

Ta ɗora littafin a kan kujera ta sunkuya. Ta rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, ta sa sunansa da garinsa, ta sa nata, ta sa ranar da wurin. Ya karɓi biron ya yi sunansa da ajami a ƙasa, harafi harafi. Sannan ya rufe littafin, ya sa shi a hammata, ya tambayi ko an shigar da albasar cikin gida don kada rana ta taɓa ta.

Sauran ɗari biyu da casa'in da tara suka tafi gidaje yadda aka buga su.